Ido Ba Mudu Ba Ne: Yadda Sikeli Da Littafi Suka Shiga Garken Shanu

Duk wanda ya taɓa shiga kara ranar kasuwa ya san yadda ake sayen sa. Mai saye zai zagaya shi, ya dubi tozo, ya dafa ƙugu, ya buɗe baki ya duba haƙora, dillali na gefe yana zuba yabo. Idan na yanka ne, wannan dubawa ta wadatar, domin mahauci naman da ke jikin san yake saye, kuma da wuya idonsa ya yaudare shi. Amma idan bijimin barbara ake nema, abin da ake biya wa kuɗi ba ya fitowa fili, domin ƴaƴan da bai haifa ba tukuna ake saye. Ƙibar da ake gani tana iya zama gado daga iyaye, tana kuma iya zama dusa da harawar da mai shi ya ɗura masa wata uku kafin kasuwa. Gado yana bin jini ya isa ga maraƙi, dusa kuwa a turke take tsayawa.

A shirin noma da kiwo da nake gabatarwa a rediyo, tambayar da masu saurare suka fi aiko mini a kan shanu ita ce: wane iri ya fi, namu ko na Turawa? Amsar ba ta fita sosai sai an koma baya an ga yadda su Turawan suka samu shanun da ake yabo. Sun shafe shekara sama da ɗari biyu suna kokawa da tambaya ɗaya, wato yadda za a raba gado da ciyarwa, kuma sun tafka asara mai yawa kafin su kama hanya.

Zamanin ido da asali

A ƙarni na 18, a gundumar Leicestershire ta ƙasar Ingila, an yi wani manomi mai suna Robert Bakewell, wanda aka haifa a 1725 ya rasu a 1795. A zamaninsa dabbobi cuɗe suke kiwo, maza da mata, kowane sa ya hau wadda ya samu. Bakewell ya raba maza da mata a gonarsa ta Dishley, ya zama shi ke zaɓar wanda zai yi barbara da wadda za a kai masa. Nama yake nema: dabba marar kaurin ƙashi, mai saurin ƙiba, mai tara tsoka a wuraren da mahauta suka fi saye da tsada. Har ƙasusuwa da yankan naman dabbobinsa yake adanawa don ya kwatanta na bana da na shekarun baya.

Dabararsa da ta fi tasiri ita ce haya. Maimakon ya sayar da ragunansa na iri, sai ya ba wasu manoma hayarsu na lokacin barbara guda, daga baya ya ga irin ƴaƴan da kowane rago ya bari a garken mutane. Wanda ƴaƴansa suka yi kyau a gonaki daban-daban, shi yake riƙewa. Wannan shi ne tushen gwada uba ta hanyar ƴaƴansa. Sai dai Bakewell mutum ne mai ɓoye sirrin sana'a, bai bar rubutaccen lissafin da na baya za su ɗora a kai ba, kuma shanunsa masu dogon ƙaho, irin Longhorn, ba su daɗe suna tashe ba bayan rasuwarsa.

Irin da ya karɓi tashe shi ne Shorthorn, mai gajeren ƙaho. A 1810 aka sayar da wani bijimin Charles Colling mai suna Comet a kan gini dubu ɗaya, kuɗin da ba a taɓa jin an biya wa sa ba. Da kuɗi ya kai haka, dole a san ɗan wane ne ake saye. Shi ya sa a 1822 George Coates ya buga littafin asalin Shorthorn, na farko irinsa ga shanu. Na Hereford ya biyo baya a 1846, na Angus a 1862. Abin da ke cikin waɗannan littattafai shi ne suna, da uwa, da uba, da kakanni. Babu nauyi, babu saurin girma, babu yawan haihuwa.

Inda wannan hanya ta kai mutane ya bayyana a 1873, a wani gwanjo da aka yi a New York Mills ta Amurka. A nan aka sayar da saniya guda daga zuriyar da ake kira Duchess a kan dala 40,600. Zuriyar an daɗe ana haɗa ta jini ɗaya don kada asali ya gurɓata, har haihuwa ta yi mata wuya, kuma ƙarancin nata ne ya ƙara mata tsada. Ba a daɗe da cinikin ba saniyar ta mutu. Takardar asali aka saya, ita kuwa takarda ba ta haihuwa.

Shigowar sikeli

Masu shanun nono ne suka riga kowa fara awo. A 1895 manoman garin Vejen na ƙasar Denmak suka kafa ƙungiyar farko ta auna nonon kowace saniya a rubuta. Su abin ya zo musu da sauƙi, tunda kullum ana tatsa, bokiti na hannu. Shanun nama kuwa suna can daji, sai an tara su an kora su kan sikeli ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci ma ba a san uban maraƙin ba, ingancin naman kuma sai an yanka ake ganinsa.

Ilimin da ya buɗe ƙofar ya fito ne daga jami'o'i. Masana sun gano cewa hali irin girma ko ƙiba ba ƙwayar gado ɗaya ke riƙe da shi ba, ƙwayoyi ne masu ɗimbin yawa, kowace da ɗan abin da take ƙarawa, ga kuma tasirin ciyawa da ruwa da cuta a kai. Jay Lush na jami'ar jihar Iowa, wanda littafinsa kan tsarin kiwon iri ya fito a 1937, shi ya mayar da wannan ilimi abin da mai kiwo zai yi aiki da shi. Tambayarsa ita ce: cikin bambancin da ake gani tsakanin dabbobi, kashi nawa ne gado? Ga nauyin maraƙi lokacin yaye, bincike ya nuna wajen rubu'i ne zuwa sulusi. Sauran duk daga kiwo ne, da nonon uwa, da yadda shekara ta zo. Ga yawan haihuwa kuwa, rabon gado bai ma kai haka ba. Ma'ana, wanda ya zaɓi maraƙin da ya fi kowa girma a ido, galibi ciyawa ya zaɓa.

A tashar bincike ta gwamnati da ke Miles City, jihar Montana, a 1934 aka ware wani garken Hereford aka rufe shi, ba a ƙara shigo da jini daga waje ba. Ana auna maruƙa, ana zaɓar na barbara bisa saurin girmansu. Daga lissafin tashar ne aka fitar da ƙididdigar farko ta rabon gado a girman shanun nama a 1946. Garken, da ake kira Layi na Ɗaya, yana nan har yau.

Amma manyan masu kiwon iri ba su kula da sikeli ba a lokacin. Su filin baje kolin dabbobi ne kotunsu, alƙalin gasa kuma da ido yake hukunci. A shekarun 1940 yayin da ake yi shi ne sa gajere, dunƙulalle, mai guntayen ƙafafu. Duk wanda ya ci gasa, sai a yi rububin jininsa. Ana cikin haka sai wadannin maruƙa suka fara faɗowa a garkunan Hereford da Angus: kai ƙato, ciki a kumbure, numfashi da gurnani, ba sa girma. Wata ɓoyayyar ƙwayar gado ce ke kawo shi. Sa mai ɗauke da kwafi ɗaya lafiyarsa ƙalau a ido, amma idan ya haɗu da saniya mai ɗauke da ita, ana sa ran maraƙi ɗaya cikin huɗu zai fito wada. A shekarun 1950 abin ya durƙusar da gidajen kiwo masu suna. Ba yadda za a gane mai ɗauke da cutar sai a bi littafin asali, ko a haɗa bijimin da shanun da aka san suna da ita, a jira haihuwa. An yi shekaru ana wannan tankaɗe.

Bayan wannan dukan ne masu kiwo da dama suka fara sauraron masu sikeli. Ƙungiyar masu jan Angus, da aka kafa a 1954, ta shar'anta cewa ba za a yi wa maraƙi rajista ba sai da nauyinsa na yaye. A 1968 aka kafa tarayyar inganta shanun nama ta Amurka, BIF, wadda ta daidaita yadda kowa zai yi awo don lissafin wannan ya yi magana da na wancan.

Ga misalin daidaitawar. An amince a mayar da nauyin kowane maraƙi kamar yana da kwana 205. A ce maruƙa biyu, kowane an haife shi da kilo 30. Ranar awo na farko yana da kwana 240, nauyinsa kilo 186. Na biyu yana da kwana 180, nauyinsa kilo 156. A ido na farko ya fi. Amma na farko giram 650 yake ƙarawa a rana, na biyu kuwa giram 700. Idan aka kai su kwana 205, na farko yana da kimanin kilo 163, na biyu ya haura 173. Sannan a yi gyara saboda shekarun uwa, tunda karsana mai haihuwar fari ba ta kai babbar saniya nono ba. Kuma ba a kwatanta maraƙi sai da tsararrakinsa, waɗanda aka haifa lokaci ɗaya, suka yi kiwo wuri ɗaya, jinsi ɗaya.

Lissafin da ya haɗa garke da garke

Saura matsala ɗaya babba. Awo yana nuna gwanin kowane garke, amma ta yaya za a kwatanta gwanin garken da ke cikin dausayi da gwanin wanda ke kan tudu? Wanda ya warware wannan shi ne Charles Henderson, ɗalibin makarantar Iowa da ya yi aiki a jami'ar Cornell daga 1948. Ya tsara lissafin da ake kira BLUP, wanda a lokaci guda yake ƙiyasta tasirin garke da shekara, ya ware shi gefe, ya bar rabon gado. Lissafin yana amfani da dangi gaba ɗaya: nauyin dabbar, da na iyayenta, da na ƴan uwanta, da na ƴaƴanta. Yana kuma da taka-tsantsan. Bijimin da aka auna ƴaƴansa uku kacal ba a ba shi cikakken yabo ko da sun yi fice, sai shaidu sun yi yawa.

Abu biyu suka sa lissafin ya yi aiki. Na farko shi ne daskarar da maniyyin sa, wanda masana a Ingila suka cim ma a farkon shekarun 1950. Da barbarar zamani, wato ɗura wa saniya maniyyi, bijimi ɗaya yana iya samun ƴaƴa a garke ɗari, ya zama shi ne mudun da ake auna sauran bijimai da shi. Hayar ragunan Bakewell ce ta dawo da faɗi. Na biyu shi ne kwamfuta, domin lissafin ya fi ƙarfin alƙalami.

A 1971 ƙungiyar masu kiwon Simmental ta Amurka ta buga jerin bijimai na ƙasa baki ɗaya, na farko ga shanun nama. Daga nan lambar da ake kira EPD, wato hasashen bambancin ƴaƴa, ta shiga bakin masu kiwo. Idan wannan bijimi yana da ƙarin kilo 15 a yaye, wancan yana da 5, ana sa ran ƴaƴan na farko za su ɗara na biyu da kilo 10 a matsakaici, muddin iyaye mata da kiwo iri ɗaya ne. A Ostireliya an ƙaddamar da tsarin BREEDPLAN a 1985, mai auna nauyi a kwana 200 da 400 da 600, wanda daga baya ƙasashe irin su Namibiya da Afirka ta Kudu suka ɗauka.

A 2001 masana uku, Meuwissen da Hayes da Goddard, suka nuna yadda za a yi hasashen darajar dabba daga ƙwayoyin halittarta kai tsaye. A 2009 aka wallafa cikakken tsarin ƙwayoyin halittar shanu, kuma saniyar da aka karanta, Dominette, ƴar garken nan ce na Miles City. Yau da ɗan gashin wutsiya ana iya ƙiyasta maraƙin da aka haifa jiya. Sai dai na'urar ba ta san komai ba sai abin da aka koya mata daga dubban dabbobin da aka riga aka ɗora a sikeli. Inda babu awo, gwajin jini ba shi da abin faɗa.

Abin da aka auna shi ake samu

Kada mai karatu ya ɗauka da zuwan lamba kuskure ya ƙare. A shekarun 1970 da 1980, da aka ɗora ido kan girma kaɗai, an samu shanu zaƙo-zaƙo masu cin abinci da yawa, maruƙa kuma suka riƙa maƙalewa wajen haihuwa. Dole aka ƙara wasu lambobi: nauyin haihuwa, sauƙin haihuwa, nonon uwa, kitsen cikin nama. A Beljiyam an bi tsoka har aka kai ga irin Belgian Blue, wanda yawancin shanunsa tsantsa sai an yi musu tiyata suke haihuwa. A 2008 kuma aka gano wata ɓoyayyar cuta mai sa a haifi maraƙi matacce da karkataccen gadon baya a cikin Angus, aka bi sawunta har zuwa wani shahararren bijimi, Precision 1680, wanda lambobinsa masu kyau suka sa maniyyinsa ya bazu ko'ina. Bambancin wannan karo da zamanin wadanni shi ne cikin watanni aka samar da gwajin jini. Lamba tana amsa tambayar da aka yi mata ne kawai. Wadda ba a yi ba, sai ta zo da kanta.

Ƙasashen zafi

Duk abin da na kawo ya faru ne a ƙasashen sanyi. Labarin da ya fi kusa da mu yana Afirka ta Kudu. Can shanun Ingila da aka kai yankunan zafi lalacewa suka riƙa yi: gashi ya yi buzu-buzu, kaska ta rufe su, haihuwa ta ragu. Daga 1937, a tashar Mara da ke arewacin ƙasar, Jan Bonsma ya shiga auna komai, daga nauyi zuwa numfashi a cikin rana, da santsin gashi, da yawan kaska. Awon ne ya nuna masa haɗin da ya dace da wurin: kashi biyar cikin takwas jinin Afrikaner na gida, kashi uku jinin Hereford da Shorthorn. Irin da ya fito aka sa masa suna Bonsmara, daga sunansa da na tashar, kuma ba a yi wa dabba rajista a cikinsa sai da shaidar awo.

Birazil ma abin dubawa ce. Yawancin shanun namanta masu tozo ne kamar namu, irin Nelore, wanda asalinsa shanun Ongole ne na Indiya. Shekaru aka yi ana auna su ana tacewa, yau ƙasar tana sahun gaba a duniya wajen fitar da naman shanu.

A yankinmu an gwada hanyoyin biyu. A tashar Wakwa, kusa da Ngaundere a Kamaru, a shekarun 1950 an kawo bijiman Brahman daga Amurka aka haɗa da Gudali. Ƴaƴan sun yi girma, amma kirci ya fi kama su fiye da na gida, kuma daga baya tashar ta buɗe aikin tace Gudali tsantsa. A nan Nijar, tashar Tukunus da ke kusa da Filinge tana tace shanun Azawak tun 1954, ana rubuta haihuwa, ana auna nono da nauyin maruƙa. Bijimanta sun shiga garkunan makiyaya, sun kuma tsallaka ƙasashe maƙwabta. Aiki ne da ya cancanci yabo. Iyakarsa ita ce garken tasha ɗan ƙanƙani ne a gaban miliyoyin shanun ƙasa, kuma ƴaƴan da bijiman suka haifa a ruga ba kasafai labarinsu ke komawa cikin littafi ba. Rabin dabarar Bakewell ke nan aka yi, an ba da bijimi, ba a bi sawun ƴaƴa ba.

Makiyayanmu kuwa ba jahilan iri ba ne. Bafulatani yana kiran saniya da sunan zuriyar uwarta, yana iya jero kakanninta, ya san bijimin wane aka aro a wace shekara. Yana zaɓe bisa abubuwan da suka dame shi: juriyar tafiya, iya cin abin da ya samu a rani, bin makiyayi, haihuwa a kai a kai. Littafin asali ne a cikin ka, kuma ya fi na Coates, tunda har da hali a ciki. Abin da ka ba ya iya yi shi ne kwatanta garken Dakoro da na Tanut, ko riƙe kwanan wata na shekara ashirin. Kuma idan fari ya zo irin na 1973 da na 1984, garke ya watse, dattijo ya rasu, ilimin yakan tafi tare da su.

Don haka idan aka tambaye ni wane iri ya fi, sai in ce: a ina aka auna shi, kuma me aka auna? Lambar da aka rubuta wa bijimi a Montana gaskiya ce a Montana, inda tsararrakinsa suka ci abincin can suka sha sanyin can. Ba ta ce komai ba game da kilo nawa ɗansa zai zubar daga Maris zuwa Yuni a ƙasar Tawa, ko wata nawa ƴarsa za ta yi tsakanin haihuwa da haihuwa, ko yadda zai yi da kaska da kirci. Waɗannan su ne tambayoyinmu, kuma ba wanda zai auna mana su daga waje.

Farawar ba ta buƙatar kayan tsada. Lamba a kunne, littafi ɗaya a hannun ƙungiyar makiyaya, ranar haihuwa, sunan uwa da uba, da tef irin na tela da za a zagaya ƙirjin maraƙi lokacin yaye, tunda faɗin ƙirji yana ba da kimar nauyi inda babu sikeli. Sai a yarda a riƙa musayar bijimai tsakanin garkuna ana rubuta sakamako, a dandaƙe waɗanda ba su kai ba. Shanu ba kaji ba ne, zuriya ɗaya takan ci shekara biyar ko fiye, don haka wanda ya buɗe littafin bana, ƴaƴansa ne za su fi cin moriyarsa. Mutanen Miles City da suka rufe garkensu a 1934 ba su san cewa bayan shekara saba'in da biyar za a karanta jinin wata jikar garken ba. Awo kawai suka yi, suka rubuta, suka ajiye littafin inda na baya za su same shi.